Tayoyin tirelar kwana: in tsaya a ajin D ko in koma E? Tafiya ta matso

Baban Ilham (Dalas, Teksas)

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san taya, musamman direbobin manyan motoci da masu faci da ke cikinmu.

A watan Maris na sayi tirelar kwana ta hannu, irin ɗakin nan da ake ja da a-kori-kura, mai gadaje da kicin da banɗaki a ciki. Ƙirar 2020 ce, tsawonta ƙafa 30, gatari biyu, wato taya huɗu a ƙasa, ga safaya ɗaure a baya. Dattijon da ya sayar min ya ce tun da maiɗakinsa ta kwanta rashin lafiya ba su sake fita da ita ba, tana nan a gefen gida kan siminti, rana da ruwa duk a kanta. Da ganin tayoyin ka san bai yi ƙarya ba, zanensu raɗau, ko kwata bai ci ba.

Niyyata in Allah ya kai mu Yuli, tunda yara na hutu, mu kama hanyar 287 mu bi ta Amarilo mu haura Kolorado. Wanda ya san hanyar ya san abin da nake tsoro. Miƙaƙƙiya ce, a wurare da yawa an yarda a yi mil 75 a awa, garuruwan da ke kanta ƙanana ne, zafin Yuli kuma yakan kai digiri 38 zuwa 40. Na iska ke nan, ban da na kwalta.

Ga abin da ke rubuce a takardar da aka manna a gefen hagu na tirelar, wajen gaba. GVWR, wato iyakar nauyinta da kaya da komai, laba 9,600, kimanin kilo 4,350. GAWR, iyakar abin da gatari ɗaya zai ɗauka, laba 4,400. A jikin tayoyin kuma an rubuta ST225/75R15, ajin lodi D, kowacce tana ɗaukar laba 2,540 a iska PSI 65 (PSI shi ne ma'aunin matsin iskar taya).

Na je shagon taya, yaron da ke kan kanta ya ce in cire su duka in sa ajin E. Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa min ko bakin kasuwa ne. Wani Bature abokin aikina ya ce shi bai yarda da duk tayar da lambarta ta fara da ST ba, wato wadda aka yi musamman don tirela, in sa LT irin ta a-kori-kura in huta. Surukina kuma ta waya daga Zariya cewa ya yi almubazzaranci ne, ina aka taɓa zubar da taya da zanenta. Kuɗin ba kaɗan ba ne, tsakanin mai araha da mai tsada kusan ninki biyu ne, kuma maganar taya biyar ake.

Abin da ya ƙara sa ni tunani, uwargida in ta tashi lodi ba ta san wani abu wai shi ya isa ba. Tukunyar tuwo, buhun shinkafa, jarkar manja, kekunan yara uku, duk ta ce da su za mu. To jama'a, wanne zan kama?

Direban Ohayo

Wa alaikumus salam Baban Ilham. Barka da arziki, Allah ya sa a kashe lafiya.

Ka kawo mana lambobi da yawa amma ka bar wadda za ta raba gardamarka da surukinka. Ka duba jikin tayar inda aka rubuta DOT, ka bi haruffan har ƙarshe, za ka ga lamba huɗu a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 1222, an yi ta a mako na 12 na 2022 ke nan. Sau da yawa cikakkiyar lambar a fuska ɗaya kawai take, in ba ka gan ta a waje ba sai ka shimfiɗa kwali ka kwanta da tocila ka leƙa ta ciki. Tirelar 2020 da ba a taɓa canja wa taya ba, zai yi wuya tayoyin su zama ba na 2019 ba.

In haka ne, ba sauran magana, ka cire. Tayar tirelar kwana ba ta kaiwa ta suɗe, tsufa ke kashe ta tun zanenta na nan. Roba tana bushewa daga ciki, inda take riƙe da wayoyin ƙarfen da ke ƙarƙashin zanen, kuma wadda ke ajiye ta fi saurin lalacewa, domin sinadarin da aka cuɗa a cikin robar don ya kare ta sai tana juyawa tana lanƙwasa yake fitowa saman fata. Masu harkar nan da yawa shekara uku zuwa biyar suke ba tayar tirela. Ni a zafin Teksas ba zan wuce biyar ba.

Amma kafin ka biya kuɗin ko taya ɗaya, je ka hau sikeli. A yawancin manyan tashoshin da muke shan mai za ka ga sikelin kamfanin CAT, kuma ba na manyan motoci kaɗai ba ne, kowa zai iya hawa, kuɗinsa bai kai na abincin rana na mutum biyu ba. Ka loda ta kamar yau za ku tashi: ruwa a tanki, tukunyar gas cike, kayan uwargida. Kada ka raina ruwa, galan ɗaya laba 8.3 ne, tanki mai galan 45 ya kusa laba 375 ke nan. Sikelin faranti uku ne. Ƙafar gaba ta mota a na farko, ta baya a na biyu, tayoyin tirela huɗu a na uku. Lambar faranti na ukun nan ita muke nema. Ba duk 9,600 ɗin ke kan tayoyin tirela ba, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari yana kan ƙugiyar da ke bayan motarka.

In ka samu lambar za ka so ka raba ta huɗu ka ce shi ke nan. Kar ka yarda da wannan lissafin ɗari bisa ɗari. Ɓangaren da firij da murhu suke ya fi ɗayan nauyi, in kuma hancin tirelar ya ɗaga ko ya duƙa lokacin da kake ja, gatari ɗaya zai fi ɗan'uwansa shan wuya. Shi ya sa ake son bayan ka raba, a samu rarar akalla kashi 10 cikin ɗari tsakanin abin da taya ke ɗauka da abin da aka rubuta a jikinta. Ni na fi son 15 zuwa 20.

Yanzu maganar D da E. Girmansu ɗaya, rim ɗaya suke hawa. D tana ɗaukar 2,540 a iska 65, E tana ɗaukar 2,830 a iska 80. Ga inda mutane ke faɗawa rami: ƙarin ƙarfin nan na iska ne. Ka sayi E ka ba ta 65, abin da D ke ɗauka shi za ta ɗauka, 2,540, ka yi asarar kuɗinka. Gangar jikinta an yi ta ne don ta jure iska mai yawa, iskar kuma ita ke ɗaukar kaya. Saboda haka sai ka tabbata rim ɗinka zai jure. Ka cire ƙafa ɗaya ka juya ta, a bayan rim akwai hatimin nauyin da zai ɗauka, wani lokaci har da iskar. Bawul ma haka, ɗan robar nan da aka saba sawa a ƙananan motoci iyakarsa 65.

Sai gudu. Tsoffin tayoyin ST mil 65 a awa ne iyakarsu, kilomita 105 ke nan, ko da allon hanya ya ce 75. Sababbi suna da harafi bayan lambar lodi: L mil 75, M mil 81, N mil 87. In ka ga 117N, 117 ɗin kilo 1,285 ne, N kuma gudun. Ka sayi M ko N, amma ba don ka yi gudun ba. Don dai in kana 62 ko 65 tayar ta zama tana nesa da iyakarta.

Mai Faci Ƙofar Ruwa

Salamu alaikum. Alhaji, ni ban taɓa zuwa Amurka ba, irin wannan ɗaki da ake ja ma a hoto nake ganinsa, amma taya ba ta san ƙasa ba. Zafin da kake faɗa shi muke ciki a Kano daga Maris zuwa Mayu, lokacin nan ne kuma kasuwarmu ke buɗewa, domin duk hanyar da ka bi, ta Maiduguri ko ta Katsina, ɓawon taya ne zube a gefen titi.

Da girmamawa ga surukinka, Allah ya ƙara masa lafiya, zane ba shi ne taya ba. Roba da ta shekara a rana kamar danƙon harbin tsuntsu ne da yaro ya manta a kan rufin kwano: ka ɗauko shi yana nan da kamanninsa, ka ja shi sau ɗaya ya tsinke a hannunka. Nan Najeriya hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC shekara huɗu take cewa daga ranar da aka yi taya, kuma lambar nan da Direba ya faɗa ita suke dubawa a hanya.

Bari in gaya maka yadda nake duba taya in an kawo min, ka gwada da hannunka. Ka sa jak ka ɗaga ƙafar ta bar ƙasa. Ka tsuguna ta gabanta, ba ta gefe ba, ka sa yaro ya juya maka ita a hankali, kai kuma ka kafa ido a kan layin zanen. Lafiyayyiya layinta zai tafi a miƙe. Wadda wayarta ta fara rabuwa da roba za ka ga layin yana karkacewa ya dawo, ko wani wuri ya ɗan taso. Sai ka ɗora tafin hannu ka bar ta tana wucewa a ƙarƙashinsa, a hankali fa, don in waya ta leƙo tana yanka. Inda ƙulu yake za ka ji ya ɗaga maka hannu. Bayan nan ka buɗa ramin da ke tsakanin zane da zane da babban yatsa, ka haska tocila. Mutane gefen taya suke kallo suna neman tsaga, alhali ta cikin ramin nan ita ta fi ba ni tsoro. Ka duba kuma dab da bakin rim. In ka samu ƙulu ko guda, wannan tayar ko zuwa shagon taya kada ka ja ta da gudu.

Abin da ya fi kashe taya a hannun direbobinmu ba tsufa ba ne ma, rashin iska ne. Kullum sai mun yi da su. Mutum zai tsaya da azahar, taya ta ɗau zafi, ya ce Malam rage min iska kar ta fashe. In ce masa ba na ragewa, ya yi fushi ya tafi wajen na gaba. Abin da bai gane ba, iska in ta yi kaɗan gefen tayar lanƙwashewa yake yana miƙewa a kowane juyi, wannan murzar ita ke haifar da zafin da ke dafa ta daga ciki. Ka rage mata iska da rana, ka ƙara mata wutar ke nan. Iskar da aka rubuta ta sanyi ce. Da asuba ake aunawa, kafin mota ta motsa, kafin rana ta taɓa tayar. In ka tsaya a hanya ka auna ka ga ta hau da takwas ko goma, aikinta take, ka ƙyale ta.

Ka sayi gejinka na kanka mai kyau wanda ya wuce 80, kar ka dogara da na gidan mai. Kuma taya mai gindin waya ba a gane iskarta da ido ko da duka da ƙafa, za ta iya rasa 15 tana tsaye ƙyam.

Ta hannu kuwa, ko kyauta aka ba ka kar ka karɓa. Mu nan mun san abin da ake yi. Doka ta hana shigo da tsoffin tayoyi amma suna shigowa, har sababbin ma akan cusa uku ko huɗu cikin ɗaya don kwantena ta ɗauki da yawa, a zo a zaro su da ƙarfe, bakin ya riga ya karye ba wanda ya sani. Ku can ba ku da wannan, amma taya da ba ka san tarihinta ba duk ɗaya ce.

Bahaushen Arizona

Ni dai ra'ayina ɗaya da Baturen nan. Tayoyin da kamfanonin tirela ke liƙo wa a masana'anta mafi araha suke nema, kowa ya san haka. Tun da na koma LT a tawa ban sake tsayawa a gefen hanya ba, kuma ina Finiks, inda zafinku na Dalas wasan yara ne. Tayar da aka yi don ta ɗauki mutane a cikin mota ai ba za a yi mata aikin ganin dama ba. Sa LT ka manta da lissafin nan duka.

Direban Ohayo

Ɗan'uwa na Arizona, rim ɗinka inci nawa ne? Na tabbata 16 ne. Nasa 15 ne, a nan kuwa LT ɗin da aka fi samu ba ta da abin da za ta ba shi. LT235/75R15 ajin C laba 1,985 take ɗauka. Biyu a gatari ɗaya 3,970 ke nan, gatarinsa kuma 4,400 ne. Ya sa su, ya fita daga gida da lodi fiye da ƙarfin taya tun bai ɗora tukunya ba. Ko ya sayi sababbin rim na 16 ya sa LT225/75R16 ajin E, 2,680 zai samu, bai kai 2,830 na ST ɗin ba, ga kuɗin rim biyar, ga kuma sai ya auna ko tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya za ta isa.

Ban ce LT ba ta da kyau ba. A manyan tireloli masu rim 16 mutane da yawa sun koma kuma sun ji daɗi. Amma kowacce taya lambar jikinta ake bi, ba haruffan farko ba. Ita ST an yi gefenta da tauri saboda abin da ke faruwa in kana kwana a matse da gatari biyu. Wata rana ka sa wani ya juya maka tirelar a filin ajiye motoci ka tsaya ka kalla, za ka ga taya ɗaya ta karkace ciki ɗaya waje kamar za su fita daga rim, saboda ba sa bin kwana, jan su ake a kaikaice. Tayar ƙaramar mota mai lambar da ta fara da P kuwa kada ma a kawo ta, in za a sa ta a tirela ƙa'ida sai an raba ƙarfinta da 1.1.

Baban Ilham (Dalas, Teksas)

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Ga abin da na samo ranar Asabar.

Lambar DOT: uku 3719, ɗaya 3619, safaya 2219. Duka sun haura shekara biyar.

Malam Mai Faci, na yi yadda ka ce, babban ɗana ne ya juya min. Uku sun tafi sumul. Ta baya a ɓangaren dama, wadda ke fuskantar yamma inda dattijon ya ajiye ta, layinta na zuwa wani wuri sai ya yi ɗan lanƙwasa, da na sa hannu kuwa na ji tudu kamar faɗin tafin yaro. Daga tsaye ba abin da za ka gani. Cikin ramin zanen kuma duk ƙananan tsaga ne a biyun dama, na hagu da ke jikin katanga da sauƙi. Na ɗauki hoto na tura Zariya, har yanzu dai ba a ba ni amsa ba.

Safayar na sa a gurbinta na lallaɓa zuwa sikeli, ban wuce mil 45 ba. Da tanki cike da ruwa da gas da kusan rabin kayan, faranti na uku ya nuna 8,420. Na kwance na sake auna motar ita kaɗai, lissafi ya ba ni 1,080 a kan ƙugiya, jimla 9,500. In an raba 8,420 huɗu, 2,105 ne kowacce.

Bayan rim an buga 2830 LBS, ba a rubuta iska ba. Bawul na roba ne. Don haka na karkata ga E. Sai dai yanzu wani abin ne ya dame ni: 9,500 da rabin kaya, iyaka kuma 9,600. In na sa E, ba ta ƙara min wuri ba?

Maman Hanan (Kalgari, Kanada)

Baban Ilham, sannu da ƙoƙari. A'a, ba ta ƙara maka ko laba ɗaya ba. E ta ba tayarka sarari ne kawai: 2,105 a kan 2,830, ko da ɓangaren kicin ya kai 2,300 kana da rara mai kyau. Amma gatari yana nan a 4,400, biyun 8,800, kai kuma kana 8,420. Sifirin da boris da birki da ƙashin tirelar ba su san ka canja taya ba. Saura laba 100 ka taɓa GVWR.

Kafin a ɗora wa Maman Ilham laifi, tukunyar tuwo laba nawa ce? Ruwan da ka cika tanki da shi ya fi duk kayan kicin ɗinta nauyi. Mu ba ma tafiya da tanki cike sai in daji za mu shiga inda ba famfo. Ka bar kashi ɗaya cikin uku don alwala da banɗaki a hanya, ka samu laba 250 nan take, in kun isa sansani ku cika. Kekuna su koma bayan a-kori-kura in ita ma tana da sauran wuri, ka duba takardar jikin ƙofar direba. Shinkafa kuma ana sayarwa a Kolorado.

Abin da nake so in ƙara, wanda ban ga an faɗa ba, shi ne ba za ka ji fashewar ba. Mu ta same mu a hanyar Banf da tsohuwar tirelarmu. Maigida na tuƙi, muna hira, ba ƙara ba girgiza, sai wata mota ta jero da mu matar ciki tana nuna baya da hannu. Da muka tsaya, zanen tayar ya saɓule ya zama bulala, ya fasa rufin ƙafar, ya huda ƙasan kabad ɗin kicin, ya tsinke wayar birkin wannan ɓangaren. Ina buɗe kabad ina hango kwalta. Gyaran ya ninka kuɗin tayoyi huɗu. Kuma makanikin ya ce ɗayar da ke kusa da ita ma a cire, tunda ita kaɗai ta ɗauki nauyin ɓangaren duk tsawon tafiyar da muka yi ba mu sani ba, ko da ba ta nuna komai ba ta riga ta ji ciwo.

Tun daga nan muka sayi na'urar nan mai ƙananan hula da ake murɗawa a kan bawul, tana turo iska da zafin kowace taya zuwa ɗan allo a gaban direba, ta yi ƙara in iska ta fara sauka. TPMS ake rubutawa in za ka nema. In za ka sa ta, ka ce a sa maka bawul na ƙarfe mai noti, ba na roba ba, domin nauyin hular yana kaɗa na roba har ya tsage. Dama da iska 80 sai ka canja su.

A shago kuma, ka ce a fito maka da tayoyin ka karanta lambar da idonka kafin a ɗaura. Sabuwa a wajensu tana iya zama ta shekara biyu a sito. Ni ba na karɓar wadda ta wuce shekara ɗaya. Ka lura da harafin tsakiya: R15 kake so. Akwai ST225/75D15, wannan D ɗin ba ajin lodi ba ne, tsohon salon saƙa ne da ya fi ɗaukar zafi a doguwar tafiya, kuma ba a haɗa shi da R. Sunayen da za ka fi ji a bakin masu tirela su ne Goodyear Endurance da Maxxis M8008 da Carlisle Radial Trail HD. Kowanne ka ɗauka, biyar ɗin su zama iri ɗaya.

Tunda ƙafafun za su fita, a buɗe boris a wanke a sa sabon giris, masu ƙera gatari duk shekara suke cewa ko mil 12,000, taka kuwa ta yi shekaru a tsaye. Bayan an ɗaura, ka sake ɗaure notuna a mil 50 na farko, rim na alminiyam yana saki. Ka gwada sifanar motarka a kan notin tirelar tun a gida, sau da yawa ba girmansu ɗaya ba.

Inda na ɗan saɓa da Direba shi ne 80 ɗin. Mu 72 muke sawa, saboda a 80 kofuna da faranti sun sha zubowa.

Direban Ohayo

Hajiya, a Kalgari 72 ba laifi in kun auna kowace ƙafa daban kun san nauyinta. Shi jimla kawai ya sani, bai san abin da ke kan ta ɓangaren kicin ba, ga gatari biyu da ke murɗa taya a kowace kwana, ga Amarilo a Yuli. Ya sa 80 da asuba a Dalas. In ya kwana a kan tudu a Kolorado safiya ta yi sanyi zai ga ta sauka da uku ko huɗu, ya cika ta a can. Faranti a sa musu tawul a tsakani.

Baban Ilham, rim mai hatimin 2830 dama don ajin E aka yi shi, amma ka sa mai shagon ya tabbatar maka da iskar kafin ya hura.

Mai Faci Ƙofar Ruwa

Alhaji, ƙulun nan da ka ji, da ba ta kai ka Amarilo ba. Alhamdu lillahi da yaro ya juya maka.

Roƙona ɗaya. In an cire tsoffin, kar ka bar su haka a shagon da zanensu mai kyau. Ka sa a yanka gefen kowacce da wuƙa a gabanka, har safayar. In ba haka ba wani zai tsince su, su hau kwantena su sauka Kwatano, bayan wata shida direban Hiace ya kawo min su nan Ƙofar Ruwa yana murna ya samu na Amurka.